Yadda ake auna cinikin manajan ƙwallon kwando kafin a yanke masa hukunci

Ranar Lahadi 2 ga Fabrairun 2025, mun idar da sallar asuba ke nan, sanyin hunturu na ratsa riga, ina kan bencin mai shayinmu a Jekadafari na rungume kofi da hannu bibbiyu, sai ga ƙanena ya taho har yana tuntuɓe, waya a hannu.

"Yaya, an sayar da Luka."

Na ce masa ya zauna a haɗa masa shayi, ƙaryar intanet ce. Ashe ba ni kaɗai na yi wannan zaton ba, can Amurka ma mutane da dama sun ɗauka kutse aka yi wa shafin ɗan jaridar da ya fara fasa ƙwan. Kafin hantsi magana ta tabbata. Dallas Mavericks ta miƙa wa Los Angeles Lakers Luka Doncic, ɗan shekara 25 da ya kai ta wasan ƙarshe ƙasa da wata takwas kafin nan, ta karɓi Anthony Davis mai shekara 31, da wani matashi Max Christie, da gurbin zaɓe guda na 2029, wato layin zaɓar sabon matashin ɗan wasa a shekarar.

Mu masu bin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a unguwarmu ba mu kai goma ba. Gombe gari ne na ƙwallon ƙafa, ko da yake muna da Gombe Bulls ɗinmu, kuma babu gidan kallon da zai buɗe mana ƙarfe 2 na dare. Kowa a wayarsa yake kallo, in data ta ƙare ya jira gutsattsarin bidiyo da safe. Amma mu 'yan ƙalilan ɗin nan mun shafe wata guda cur muna musu a kan Nico Harrison, manajan Dallas, har mai shayi ya ce zai fara karɓar kuɗin benci. Abin da na lura da shi, musun ba ya zuwa ko'ina, domin kowa da mudun da ya zo da shi. Wannan yana awo da son Luka, wancan da ƙin Lakers, wani kuma sakamakon daren jiya kawai yake kallo.

Ni mudun da nake awo da shi a wajen kawuna na aro. Dillalin shanu ne, ya tsufa a kara, bai san ko ƙwallon kwando zagayayya ce ko mai kusurwa ba. Amma ya san ciniki, manaja kuwa ɗan kasuwa ne da ya sa kwat. Ga yadda nake bi, in kana so ka gwada a taku majalisar.

Koma ranar da aka yi cinikin

Kawu yana cewa in ka sayi sa lafiyayye, tsawa ta faɗo masa a hanyar gida, ba a kiranka wawa. In kuma ka sayi mai ɗingishi ka kai gida ya warke da kansa, ba a kiranka gwani. Saboda haka matakin farko shi ne ka ajiye duk abin da ya faru daga baya, ka tambayi kanka: a ranar da manajan nan ya sallama, me ya sani, me kuma ya kamata a ce ya sani?

Wannan yana da wuya, domin sakamako yana da ƙarfin murya. Davis ya buga wasansa na farko a Dallas ranar 8 ga Fabrairu, da Houston Rockets, ya ci maki 26, ya yi wasa kamar zai cinye filin, sannan a zango na uku ya dafe cinya ya fice. Ya yi jinyar wasa 18 a jere. Farkon Maris kuma jijiyar gwiwar Kyrie Irving, ɗaya tauraron Dallas, ta tsinke. A majalisa sai aka haɗa biyun aka jibga wa Harrison. To a raba su. Gwiwar Kyrie tsawa ce, ko da yake akwai mai cewa nauyin da aka ɗora masa bayan tafiyar Luka ya taimaka, kuma wannan maganar abin saurare ce. Cinyar Davis kuwa ba tsawa ba ce. Duk wanda ya bi mutumin nan a Lakers ya san jikinsa, har ma a ranar da aka yi musayar yana jinyar wani raunin a ciki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka nan kada ka bari sa'a ta wanke manaja. A watan Mayun 2025 Dallas ta ci ƙuri'ar gurbi na ɗaya, alhali damarta kashi 1.8 cikin ɗari ce, ta ɗauki Cooper Flagg. Wani tela abokina ya zo yana cewa ai ga shi Harrison ya san abin da yake yi. Na ce masa in mutum ya sayar da gidansa a wulaƙance, washegari ya tsinci jakar kuɗi a bakin titi, cinikin gidan bai gyaru ba.

Ƙirga wasannin da ya buga

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke ƙiwuya. Kakar NBA wasa 82 ce. Kafin ka ce uffan a kan tauraron da aka sayo, buɗe wayarka ka duba wasa nawa ya buga a kowace kaka cikin huɗu ko biyar da suka wuce. Minti biyu ya ishe ka. Maki nawa yake ci a wasa, wannan kowa ya haddace. Wasa nawa yake bugawa, shi ne ba a haddacewa.

Ga na Davis a Lakers bayan kofin da suka ci a 2020: wasa 36 a kakar da aka taƙaita zuwa 72, sai 40, sai 56, sai 76. Mai kare Harrison zai nuna maka 76 ɗin nan, ya ce ai ya warke. Mai suka zai nuna maka ukun farko. Kai ka ɗauki huɗun gaba ɗaya, ka ɗora shekarunsa a kai, ka tambaya: jikin da ya yi haka yana ɗan 27 zuwa 31, me zai yi yana 33 da 34? Kawu in zai sayi sa, baki yake fara buɗewa ya duba haƙori kafin ya shafa tozo.

Sannan ka bambanta rauni da rauni, don ba duka suke ɗaya ba. Wannan a jikina na koye shi. Lokacin ina saurayi muna buga ƙwallon kwando a filin siminti, na taɓa karya yatsa, mai ɗori ya ɗaure da kara da tsumma, bayan 'yan makonni na manta ma wane yatsa ne. Amma ranar da na sauko daga tsalle na taka ƙafar wani, idon sawuna ya gurɗe, tun daga nan bai sake zama nawa ba. Ya warke, ya sake gurɗewa, ya warke, ya sake. Yau ko tsallake kwata zan yi sai na lissafa da wace ƙafa zan dira.

To haka yake a wajensu. Akwai tsautsayi na rana ɗaya. Paul George ya karya ƙafa mummunar karaya a 2014 yana atisaye da tawagar Amurka, wanda ya ga bidiyon ba ya son sake gani, amma ƙashi ne, ya haɗe, ya dawo cikin taurari. Akwai tsinkewar jijiyar gwiwa da ta agara, waɗanda kan ci shekara guda ko kusa da haka. Kevin Durant agararsa ta tsinke a wasan ƙarshe na 2019, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar da ta biyo, amma ya dawo yana zuba ƙwallo kamar da. Derrick Rose kuwa, da ya zama gwarzon kaka, wato ɗan wasan da ya fi kowa a gasar, a 2011 yana ɗan 22, gwiwarsa ta tafi a 2012, kuma wancan Rose ɗin mai tashi sama bai sake dawowa ba. Sai kashi na uku, wanda ya fi ba ni tsoro: raunin da ke komowa wuri ɗaya, musamman gwiwa da tafin ƙafar dogayen mutane masu nauyi. Yao Ming na Houston ƙafa ce ta sa ya ajiye wasa a 2011 yana ɗan 30. Greg Oden, da Portland ta ɗauka a gurbi na ɗaya a 2007 ta bar Durant, wasa 82 kacal ya buga mata duk tsawon zamansa, wato kaka ɗaya tak aka tsinta a cikin shekaru biyar.

Joel Embiid, maƙwabcinmu na Kamaru, shi ne ya fi raba kan majalisarmu. Philadelphia ta ɗauke shi a gurbi na uku a 2014 da sanin ƙafarsa na da matsala, ya yi kaka biyu bai taka fili ba, ta uku ya buga 31. Daga baya ya zama gwarzon kaka a 2023. A Janairun 2024 ya zuba wa San Antonio maki 70 a wasa ɗaya, bai fi kwana goma ba gwiwa ta kwantar da shi, ya gama kakar da wasa 39. Wadda ta biyo, 19. Bai taɓa kai 70 a kaka ba. In ka tambaye ni, ɗaukarsa a 2014 daidai ne, domin gurbin zaɓe ɗaya aka zuba, aka samo gwarzo. Tambayar da ta fi wuya ita ce ta manyan kwantiragin da aka ci gaba da ba shi bayan an ga yadda gwiwar take. Ka ga ɗan wasa ɗaya, ciniki iri biyu, hukunci iri biyu.

Ƙarin abu ɗaya a nan: duba watan da yake jinya. Wasannin neman kofi daga Afrilu zuwa Yuni ake yin su, zagaye huɗu, sai ka ci wasa 16 kafin ka ɗaga kofi. Tauraron da ke hutawa a Disamba ya miƙe a Mayu daban yake da wanda ke haskakawa a Disamba ya kwanta a Mayu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Rauni farashi ne

Wannan ita ce maganar da na fi so ka tafi da ita. Babu laifi a sayen mai ɗingishi. Laifin yana wajen biyan kuɗin lafiyayye.

Bari in faɗi son raina tukuna, don shi ma ƙa'ida ce: kafin ka shiga musu ka bayyana ƙungiyarka, a san inda za a rage wa maganarka nauyi. Ni Toronto Raptors nake yi, kuma saboda Masai Ujiri na fara, mutumin da ya tashi a Zariya ya je ya riƙe ƙungiya sukutum a Kanada. To a Yulin 2018 Masai ya yi abin da magoya bayan Toronto da yawa suka kira cin amana. Ya ɗauki DeMar DeRozan, ɗan wasan da ke son garin kuma garin ke son sa, ya haɗa da Jakob Poeltl da gurbin zaɓe ɗaya, ya miƙa wa San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Kawhi a lokacin wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta wuce saboda ciwon cinya, saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, kuma kowa ya san hankalinsa na Los Angeles.

A ido, irin cinikin Davis ne: an ba da ɗan gida an karɓo majinyaci. Amma ɗora su a sikeli. Toronto ta ci wasa 59 a waccan kakar, duk da haka Cleveland ta LeBron James ta share ta 4 da babu a wasannin neman kofi, shekara ta uku a jere tana fitar da ita. An riga an ga iyakar DeRozan. Kawhi kuwa ɗan 27 ne, ya fi DeRozan ƙuruciya, in yana da lafiya ya fi shi nesa ba kusa ba, ya taɓa zama gwarzon wasan ƙarshe a 2014. Masai bai taɓa Pascal Siakam ba, bai taɓa OG Anunoby ba, bai taɓa Kyle Lowry ba. Da cinyar ta ƙi warkewa, asarar shekara ɗaya ce, albashin ya sauka daga wuyansa, ya fara sabon gini da matasansa. Ya sayi mai ɗingishi a farashin mai ɗingishi. Kuma da ya kawo shi gida ya yi kiwonsa: Kawhi wasa 60 ya buga a kakar, ana hutar da shi da gangan, sannan ya buga duka 24 na neman kofi. Wanda ya kwana a farke daren wasa na bakwai da Philadelphia ya tuna ƙwallon nan da ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa, Kawhi na tsugune a gefen fili, Embiid ya fita yana kuka. Ni ihun da na yi a daren sai da maƙwabcina ya buga min katanga.

A Dallas kuwa akasin haka aka yi ta kowace fuska. Wanda aka bayar shi ne mafi ƙuruciya da shekara shida, shi ne mafi iyawa, sau biyar a jere yana shiga sahun farko na 'yan wasa biyar mafiya ƙwazo a gasar, shi ya fi kowa cin maki a kakar 2023 zuwa 2024. Gaskiya ne Luka ma yana jinyar sha-raɓa tun ranar Kirsimeti, kuma ana ta gunaguni a kan ƙibarsa da rashin tsaron gida. Harrison ya kafa hujja da cewa tsaro ne ke cin kofi. Ko an karɓi wannan hujjar, maganin tsoron jikin ɗan 25 ba zai zama sayen jikin ɗan 31 da ya fi shi yawan jinya ba.

Kada kuma wani ya ce maka Masai gwani ne kawai saboda kofi ya zo. A wasan ƙarshe na 2019 Golden State ta rasa Durant a wasa na biyar, ta rasa Klay Thompson a na shida. Sa'a ta taka rawa, ni mai son Toronto na faɗa. Cinikin mai kyau ne tun a Yulin 2018, ko da kofin bai zo ba.

Wani lokacin ma raunin ne ke kawo arziki. Stephen Curry idon sawunsa ya addabe shi har ya buga wasa 26 kawai a kakar 2011 zuwa 2012, shi ya sa Golden State ta same shi da araha, dala miliyan 44 a shekara huɗu. Yana cikin wannan kwantiragin ya zama gwarzon kaka sau biyu, rarar kuɗin kuma ta taimaka aka sami wurin shigo da Durant a 2016. A 2012 ɗin ne ma ƙungiyar ta ba da Monta Ellis, ɗan lelen 'yan kallo, ta karɓo Andrew Bogut yana jinya, har magoya baya suka yi wa mai ƙungiyar, Joe Lacob, ihu a filinsa. Ihun jama'a ba hujja ba ne, ko da kana cikin masu yin sa.

Gurbin zaɓe bashi ne

Ga inda sababbin shiga ke ruɗewa, domin ƙwallon ƙafa ba ta da irinsa. A NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda Real Madrid ke yi. Musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, kuma ga yawancin ƙungiyoyi dole albashin ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna. Cikon cinikin shi ne gurbin zaɓe. Kowane watan Yuni ƙungiyoyi 30 suna zaɓar sababbin matasa bi da bi, galibi waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓa, ko da yake ƙuri'a ce ke raba guraben farko. Manaja yana iya sayar da layinsa na shekaru masu zuwa, har shekara bakwai gaba. Kamar manomin da ya ci bashi a kan amfanin gonar da bai shuka ba. In damina ta yi kyau ba ya jin zafin biya. In tauraron da ya sayo ya kwanta, ƙungiya ta faɗi ƙasa, gurbin ya yi tsada, wani ne zai girbe.

Brooklyn Nets ta yi haka a 2013. Ta karɓo Kevin Garnett da Paul Pierce daga Boston, kowannensu ya kai 35 ko fiye, ta ba da guraben 2014, 2016 da 2018, da damar musanya na 2017. Daga cikinsu Boston ta samo Jaylen Brown da Jayson Tatum, su suka ɗaga mata kofi a 2024, da Dallas ɗin nan ta Luka ma kuwa.

Nan ni ma na taɓa tafka kuskure, kuma telan nan ba ya bari in manta. A Yulin 2019 Los Angeles Clippers ta karɓo Paul George daga Oklahoma City don Kawhi ya yarda ya zo. Ta ba da Shai Gilgeous-Alexander, yaron da ya yi kaka ɗaya kacal, da Danilo Gallinari, da guraben zagayen farko biyar, da damar musanya biyu. Na tsaya a gaban mai shayi na ce Clippers ta gama da kowa, kofi biyu aƙalla. Na ƙirga sunaye, ban ƙirga gwiwoyi ba. Kawhi jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2021, bai buga kakar da ta biyo ba gaba ɗaya, Clippers ba ta ko kai wasan ƙarshe ba. Sam Presti, manajan Oklahoma, ya zauna yana girbi. Da ɗaya daga guraben ya ɗauki Jalen Williams a 2022. A 2025 Shai ya zama gwarzon kaka, Oklahoma ta ci kofi. Kawhi ɗaya ne a Toronto da Clippers, jikin ɗaya ne. Toronto ta yi hayarsa na shekara, Clippers ta jinginar da gida a kansa.

Saboda haka in ka ga an sayo tauraro mai yawan jinya, ƙirga guraben da aka bayar, ka duba shekarunsu, ka lissafa shekarun tauraron a lokacin da bashin zai zo biya.

An kai kasuwa kuwa?

Wannan tambayar ce ta kashe musun Luka a wajena. Na ba kawu labarin a taƙaice, na ce wani ne yake da sa mafi girma a kara, ya yanke shawarar sayarwa. Ya ce wannan ikonsa ne. Na ce to da dare ya kai shi gidan abokinsa, mutum ɗaya ya taya, ya sallama. Kawu ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Ɗan nan, ko bai da lafiya, ko akwai abin da ba su faɗa muku ba."

Harrison da Rob Pelinka, manajan Lakers, tsofaffin abokai ne tun zamanin Kobe Bryant, tsohon tauraron Lakers, Harrison yana kamfanin Nike, Pelinka wakilin Kobe. Su biyu suka ƙulle maganar, sauran manajoji a waya suka gani kamar yadda muka gani a Jekadafari. Ka tuna guraben da aka biya a kan Paul George, biyar. A kan Luka, ɗaya. Ko ka yarda a sayar da shi, hakkin manaja ne ya bari a taya, ya ce albarka sau uku sau huɗu, kafin ya sallama.

Masu saye ma suna da nasu haƙƙin dubawa. Galibi musaya sai an yi gwajin lafiya. A makon da Luka ya zo, Lakers ta ƙulla cinikin Mark Williams daga Charlotte, likitocinta suka duba shi, ta fasa, kowa ya koma gidansa. Ba a cinikin biri a sama. Don haka duk manajan da ya karɓi ɗan wasa bayan gwaji ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Duba wanda ke bayan manaja

Kada ka tsaya a kan mai kwat. Luka yana gab da cancantar kwantiragin dala miliyan 345 na shekara biyar, wanda Dallas ce kaɗai za ta iya ba shi, kuma ƙungiyar ta canza hannu a ƙarshen 2023 lokacin da Mark Cuban ya sayar da kaso mafi tsoka. Babu manajan da ke sayar da irin Luka ba da amincewar mai gida ba. Magoya baya suka yi ta rera a kori Nico a kowane wasa, a Nuwamban 2025 aka kore shi, wanda ya amince da cinikin kuma shi ne ya yi korar. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Rubuta hukuncinka

Bayan abin Clippers na sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, yana nan a aljihun teburin mai shayi tare da littafin bashi. Duk ranar da aka yi babbar musaya, kowa zai faɗi hukuncinsa a layi ɗaya da dalili ɗaya, a rubuta da kwanan wata. Ba a gogewa. Yi haka a majalisarku, za ka ga yadda masu cewa "ai na faɗa tun farko" ke raguwa.

A shafin 2 ga Fabrairun 2025 mutum bakwai muka rubuta. Shida sun ce Dallas ta yi asara. Telan ne kaɗai ya rubuta cewa Davis da Kyrie za su kawo kofi cikin shekara biyu, ya sa hannu har da ƙawata shi. Ranar da aka kori Harrison na sa mai shayi ya fito da littafin, na buɗe shafin na tura masa gabansa ban ce komai ba. Ya karanta, ya kurɓi shayi, ya lashi yatsa ya fara buɗe shafukan baya a hankali, har ya iso na farko, inda shi da kansa ya rubuta maganata ta Clippers ranar da aka sayi littafin.

"Malam, kofi biyu aƙalla ka ce. Wa zai biya shayin yau?"

Ni na biya.